Rumbu a wajen ɗaki: inda ƙananan na'urori ke ajiye hotunansu

Na'urar ɗaukar zanen yatsa da ke ƙofar ma'aikata, da injin buga takardu, da na'urar auna bugun zuciya a asibiti, duk suna da ɗan allo mai nuna tambari da maɓallai da rubutu. Kowane hoto da kowane harafi da ke fitowa a allon nan sai an tanadar masa wurin zama, kuma wurin yana da tsada.

Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori ba su da cikakkiyar kwamfuta. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ba ta wuce farcen babban yatsa ba ke tafiyar da su, kuma ma'ajiyar da ke cikinta kaɗan ce. Allo mai faɗin ɗigo 480 da tsayin 272 yana da ɗigo 130,560. Idan kowane ɗigo ya ci bait biyu domin launi, hoto ɗaya da ya cika allon zai ci bait 261,120, wato kusan kilobait 255. To amma ƙwaƙwalwar STM32H750 ta kamfanin STMicroelectronics kilobait 128 kacal take da shi na ma'ajiyar dindindin. Ko hoto ɗaya ba zai shiga ba, balle a yi maganar manhajar da ke sarrafa na'urar.

Dabarar injiniyoyi ita ce ta manomi: idan ɗaki ya kasa ɗaukar hatsi, sai a gina rumbu a tsakar gida. Suna ɗora wata ma'ajiya daban kusa da ƙwaƙwalwar, galibi nau'in filash, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. W25Q128 ta kamfanin Winbond, misali, tana ɗaukar megabait 16, wanda ya isa hotuna 64 irin wanda aka lissafa. Manhajar takan zauna a ciki idan ta samu wuri, hotuna da haruffa da fassarori kuma su koma waje.

Hanyar da ke haɗa su ita ce ke yanke saurin allon. Tsarin SPI na asali yana aika bayanai ta waya ɗaya, QSPI kuma ta wayoyi huɗu a lokaci guda. Wasu ƙwaƙwalen suna iya kallon ma'ajiyar waje tamkar a cikinsu take, su karanta hoton kai-tsaye. Waɗanda ba su iya ba sai sun fara kwafo hoton zuwa ma'ajiyar wucin gadi kafin su zana shi, kuma daga nan ne jinkirin da mai amfani ke gani yake samo asali. Manhajojin zana allo irin su TouchGFX da LVGL sun yi tanadi domin hanyoyin biyu.

Rumbun waje yana da nasa farashi. Ƙarin kaya ne da ƙarin kuɗi, kuma a masana'anta sai an loda masa abinci daban. Wanda ya buɗe na'urar zai iya karanta abin da ke ciki, ko ma ya sauya shi, idan ba a kulle bayanan ba. Filash ɗin ma yana tsufa: irin wannan yakan jure gogewa da sake rubutu kusan sau 100,000, adadin da ya wadaci hotunan da ba sa canzawa. Katin SD ya fi yalwa, sai dai ana iya zare shi, kuma girgiza kan kwance shi.

Inda lamarin ya shafi ma'aikacin gwamnati shi ne harshe. Na'urar ba ta iya nuna harafin da ba a zana aka ajiye mata ba. Idan wuri ya yi ƙaranci, masu ƙira kan ajiye haruffan Turanci su bar sauran. Nan ne ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, da haruffa masu ɗigo a ƙasa na Yarbanci da Ibo, ke ɓacewa ko su koma ƙananan akwatuna. Ɗaki ya zama daki, ƙasa ta zama kasa. A na'urar da ke ba ma'aikacin jinya umarni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangilar sayen irin waɗannan kaya yana da tambayoyi uku da ya kamata ya sa a takarda. Nawa ne girman ma'ajiyar hotuna, kuma nawa ya rage babu komai? Za a iya ƙara harshe ko sauya tambarin hukuma ba tare da sayen sabuwar na'ura ba? An kare abin da ke cikin ma'ajiyar daga mai son taɓawa? Ma'aikatu kan sauya suna, a haɗe wasu a raba wasu. Na'urar da aka bar wa fili za a sabunta ta da fayil ɗaya, wadda aka cika maƙil kuwa sai dai a sake neman kasafi.