Abin da Allo ke Nuna wa Manaja da Abin da Yake Ɓoyewa

A manyan kamfanoni ba kasafai manaja ke bin alƙaluman ciniki layi-layi ba. Haska masa su ake yi a bango: zane mai launi, taswira, guntun bidiyo, wani lokaci har da murya. Tun fitowar PowerPoint a 1987 abin ya zama jiki, ga kuma manhajoji irin su Tableau da Power BI da ke kawo rahoto a zane tun daga tushe.

Amfanin a fili yake. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin alƙaluma huɗu waɗanda matsakaicin lissafinsu kusan ɗaya ne, amma da aka zana su sai kowanne ya fito da siffa daban. Ido kan hango cikin daƙiƙa abin da jadawali zai binne.

Sai dai wanda ya tsara allon shi ya riga ya zaɓi inda idon zai faɗa. In ya fara ma'aunin zane daga 90 maimakon sifili, ƙarin riba na kashi 2 cikin 100 sai ya yi kama da tsauni. Manajan da aka burge da launi kuwa ba ya yawan tambaya.

Abin ya taɓa cin rai. A Janairun 2003, wani ɓallin soson da ke lulluɓe tankin mai ya bugi fiffiken kumbon Columbia na Amurka yayin tashi. Injiniyoyin Boeing sun gabatar wa shugabannin NASA bayani a allo. Kanun shafin mai kwantar da hankali ne, maganar da ta fi muhimmanci kuwa tana can ƙasa da ƙananan haruffa: ɓallin ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Kwamitin bincike ya soki yadda NASA ta mayar da allo madadin cikakken rahoto.

A 2004 Jeff Bezos ya hana PowerPoint a tarukan manyan shugabannin Amazon. Mai shawara sai ya rubuta ta a cikakkun jimloli, shafi shida, kowa ya karanta shiru kafin a buɗe baki. A ganina ya ɗan wuce gona da iri, domin zane mai gaskiya na da ranarsa. Amma a cikakkiyar jimla dole ka faɗi me ya jawo me, abin da jerin ɗigo-ɗigo a allo ke ba ka damar tsallakewa.