Kafin ka sayi sabuwar sifika, auna ɗakinka tukuna

Ka tara kuɗi ka sayi sifika mai tsada, ka kunna, sai ka ji bes yana ruri kamar janareta, muryar mawaƙi kuma ta nutse. Kada ka yi saurin komawa wajen mai shago da faɗa. Sau da yawa laifin na ɗakinka ne.

Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya bugi bangon siminti ko tayil, dawowa yake yi ya ci karo da wanda ke fitowa daga sifika. A ɗaki mai tsawon mita 4, wannan karon ya fi shafar sauti mai kauri da ke girgiza sau 43 a daƙiƙa, wato 43 Hz. Shi ya sa idan ka jingina da bango bes ke cika maka kunne, ka dawo tsakiyar ɗaki kuma ka neme shi ka rasa.

Wannan ilimi ba yau aka fara shi ba. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa Wallace Sabine gyaran wani ɗakin lacca da amsa-kuwwa ta hana a ji malami. Da dare yake kwaso matasan kujeru yana jerawa, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu.

Kai yanzu ba sai ka sha wannan wahalar ba. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna REW. Abin da za ka nema shi ne makirfon awo irin UMIK-1, ko da na aro ne. Kafa shi daidai inda kanka yake idan ka zauna. Kashe fanka, rufe ƙofa, ka bari unguwa ta yi shiru. Manhajar za ta saki wani sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, sannan ta zana maka layi mai tudu da kwari. Auna wuri uku ko huɗu kusa da mazauninka, domin awo ɗaya kan ruɗi mutum.

To ga inda da yawa ke kuskure. Tudu kam ana rage shi da ikwalaiza, misali Equalizer APO da ke aiki a Windows kyauta. Amma kwari mai zurfi ba ya cikuwa da ƙara ƙarfi, don sautin ne ke kashe kansa a wurin. Ka matsa masa, sifikar ce za ta ji jiki. Maganinsa shi ne ka janye sifika daga lungu ko ka matsar da kujera, ka sake aunawa.

Shi kuwa kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bangon situdiyo, gaskiya ba ya taɓa bes. Kafet da labule mai kauri sun fi shi rage amsa-kuwwa, musamman idan kana naɗar murya don TikTok.

Saboda haka a wannan makon, gwada matsar da kujerarka rabin mita kafin ka taɓa kuɗin da ka ajiye.