Kifin da Ke Kwana a Katantanwa

Mu huɗu muka yi karo-karo a ɗakinmu na ɗalibai a Katsina, muka sayi akwatin gilashi da ƙananan kifaye shida. Dangin karfasa ne, asalinsu Tafkin Tanganyika, babbansu bai wuce santimita 5 ba. Kowanne katantanwarsa yake kamawa. A ciki macen ke yin ƙwai, yayye kuma su taya gadin ƙanne.

Katantanwa huɗu muka fara zuba musu. Faɗa ya kaure, ɗaya ya mutu. Da muka ƙara goma, aka zauna lafiya.

Yanzu fargabarmu zafin Afrilu, domin sun fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 27. In aka ɗauke wuta, da jiƙaƙƙen tsumma muke lulluɓe gilashin, muna karɓa-karɓa. Jiya muka ƙirga 'ya'ya tara.