Wankin Lagireton Mota

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa kamar Yamai da Damagaram da Sakkwato, matafiyi yakan ga mota tsaye a gefen hanya, tururi na tashi daga injinta, fasinjoji kuwa sun fake a gindin itace. Sau da yawa ba wani abu ya jawo haka ba illa lagireto da ya toshe da dauɗa.

Aikin lagireto

Idan mai ya ƙone a cikin inji, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne kawai yake tura mota. Sauran yakan zama zafi, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya ɗauke shi. Famfon ruwa ne yake tura ruwan ya zagaya jikin injin, sa'an nan ya bi ta tiyo ya shiga lagireto. A can yakan ratsa ƙananan bututu masu yawa, iskar hanya da ta fanka su sanyaya shi, ya koma cikin injin. Akwai kuma tamostat, wato wata ƴar ƙofa da ba ta buɗewa sai ruwan ya kai digiri 80 zuwa 90.

Murfin lagireto ma yana da nasa aikin. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma da yake murfin yana danne shi, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Saboda haka lalataccen murfi kaɗai ya isa ya sa mota ta yi zafi.

Abin da ke kawo dauɗa

Da yawa daga cikin direbobi ruwan rijiya ko na famfo suke zubawa. Irin wannan ruwa yana ɗauke da gishiri-gishiri na ƙasa, waɗanda zafi ke sa su daskare a jikin bututu, kamar farin ɓawon da ake gani a cikin butar shayi. Har ila yau, ruwa zalla yana sa ƙarfe tsatsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake sayar da ruwan lagireto na musamman, kore ko ja, mai maganin tsatsa a ciki. Wasu suna ganin na ƙasashen sanyi ne kawai, domin yana hana ruwa daskarewa, alhali kuwa motar ƙasar zafi ma tana bukatarsa. Sai dai ƙarfin maganin yana ƙarewa. Irin na da akan canja shi bayan shekara 2, na zamani kuwa yakan kai shekara 5.

Alamun da ke nuna lokacin wanki ya yi su ne: ruwan ya koma ja kamar na kududdufi, allurar zafi tana yawan hawa, ko kuma a taɓa lagireto bayan an kashe inji a ji wani gefe da zafi, wani da sanyi.

Yadda ake wankin

Da farko a bar injin ya huce sarai. Wanda ya buɗe murfi inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska da hannu. Bayan ya huce, a ajiye roba a ƙasa, a cire murfin, a kwance mafitar da ke gindin lagireton. In babu ita, a zare tiyon ƙasa. Ƙaramar mota takan ɗauki lita 5 zuwa 8.

Na biyu, a mayar da mafitar, a cika da ruwa mai tsabta tare da maganin wankin lagireto, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. A tada inji kamar minti 10 zuwa 15, har tamostat ya buɗe, a kuma kunna hita domin ruwan ya bi ta cikinta. Sa'an nan a kashe, a jira ya huce, a zubar. A maimaita da ruwa zalla har sai abin da ke fitowa ya zama garau. Kada a sa garin sabulu ko kanwa. Sabulu yana kumfa, kanwa kuwa tana cin alminiyon, wanda da shi ake yin yawancin lagireton yanzu.

Na uku, a wanke bayansa, domin ƙurar hunturu da ƙwari suna cushe tsakanin bututun. A fesa ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje, kada siraran ƙarafan su lanƙwashe.

Na huɗu, a zuba sabon ruwan lagireto. In mai kauri ne, a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, kuma kada a haɗa iri biyu. A tada inji murfi na buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, a ƙara, a rufe. Washegari da safe a sake dubawa.

Tsohon ruwan guba ne, ga shi kuma da zaƙi. Yaro ko akuya in sun sha, yana iya lalata musu ƙoda har ya kashe su, don haka a zuba shi a jarka a rufe, kada a watsar a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Inda wanki ba ya magani

Idan baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa ruwa kuma na raguwa, to, alama ce gasket ya ƙone, sai a nemi bakanike. Haka nan, cire tamostat da wasu ke yi ba ya buɗe lagireton da ya toshe, sai dai ya sa injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai. Kuɗin wanki kaɗan ne idan aka kwatanta da na sauke inji, ga shi kuma direban haya yakan yi kwanaki ba aiki kafin motar ta fito daga gareji.