Kalmar Nan "Variant": Asalinta Da Ma'anoninta

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata kalma ta Turanci wadda mu kan ci karo da ita cikin ƙamus, watau "variant". Ina ganin ya kamata mu san ta sosai, gama gobe mu ne za mu riƙe jan biro muna duba littattafan yara, kuma malamin da bai gane ta ba ya kan soke abin da ba kuskure ba ne.

Asalinta daga Latin ne, harshen Romawan dā. Suna da kalma "varius", wadda su ke faɗa wa abu mai dabbare-dabbare, kamar fatar damisa. Daga gare ta "variare" ta fito, watau sāke kama. Faransanci ya gaji kalmar daga Latin. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila cikin shekara ta 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa suka yi ta shiga Turanci. Wajen ƙarshen ƙarni na 14, zamanin mawaƙin nan Chaucer, an riga an soma rubuta "variant" a Turanci. A lokacin nan ana faɗa wa abin da ba ya zama a hali ɗaya, ko mutumin da ba shi da tsayayyar magana, yau nan gobe can. Sai cikin ƙarni na 19 ta sami ma'anar da muka fi sani: abu ɗaya ne, amma ya zo da wata kama. 'Yan gidansu su ne "vary", da "various", da "variety".

Wurin farko da za ku gan ta shi ne wajen haɗa baƙaƙe. Mutanen Ingila su kan rubuta "colour" da "centre", na Amurka kuwa "color" da "center". Noah Webster, wanda ya buga babban ƙamus ɗinsa cikin 1828, shi ya taimaka ƙwarai wajen kafa irin na Amurka. Duka biyu daidai ne, kowanne a wurinsa.

Na biyu, wajen tsofaffin littattafai. Kafin zuwan injin ɗab'i da hannu a ke kwafa, mai kwafa kuwa ya kan tsallake kalma ko ya sauya ta. In aka gwama kwafi biyu aka ga sun sāɓa, kowane karatu "variant" ne. Cikin 1707 John Mill na Oxford ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, bayan aikin shekara 30, ya nuna irin waɗannan wajen 30,000. Yawancinsu ƙanana ne, kamar bambancin baƙi ɗaya ko jerin kalmomi.

Na uku, wajen likitoci. Ƙwayar cuta ta kan sāke kaɗan sa'ad da ta ke yaɗuwa. Cikin watan Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma kiran ire-iren ƙwayar korona da baƙaƙen Helenanci, kamar Alfa da Delta, daga baya kuma Omikron. Cutar ɗaya ce, kama ce ta bambanta.

To, mu ma muna da irin wannan a Hausa. Bakano ya ce biyar, Basakkwace ya ce biyat. Wannan ya ce tafi da fari, wancan ya ce tahi da hwari. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, ko da ya ke littattafan makaranta sun fi bin Hausar Kano.

Ga shawarata. Kafin ka ja layi ƙarƙashin kalmar yaro, ka tambayi kanka: akwai jama'ar da su ke faɗinta ko rubuta ta haka, ƙamus kuma ya yarda? In yaro ya rubuta "recieve" maimakon "receive", wannan kuskure ne, babu ƙasar da ta yarda da shi, sai a gyara. In kuwa ya rubuta "color", kada ka ce ya yi kuskure. Ka gaya masa irin na Amurka ne, makarantunmu kuwa na Ingila su ke bi, ya riƙe ɗaya kada ya gauraya. Haka kuma yaron da ya zo da Hausar garinsu, ka koya masa ta littafi ba tare da ka kunyata shi da ta uwarsa ba. Yaron da aka yi wa dariya saboda maganar gidansu ya kan kama bakinsa a aji, wanda ya yi shiru kuwa da wuya a koya masa kome.