Farin Dutsen Zamfara: Ga Zinariya, Ga Dalma

Duk wanda ya ratsa dajin Anka ko na Bukkuyum a Jihar Zamfara zai ga ramuka birjik, kuma a bakin kowanne akwai tulin wani farin dutse mai ƙyalli. Wannan shi ne dutsen ƙanƙara, wanda masana ke kira kwaz, kuma shi ne jagoran mai neman zinariya.

Asalinsa kuwa tun zamani mai nisa ne, lokacin da ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa yana bin tsagar duwatsu. Da ya huce sai abin da ya narke a cikinsa ya daskare, ya zama jijiyoyin farin dutse. A cikin jijiyoyin nan ne zinariya ta maƙale, galibi ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinta. Saboda haka tilas a farfasa dutsen, a niƙe shi ya koma gari, a wanke, sa'an nan a kama zinariyar da zaiba.

To, amma zuma ga zaƙi ga harbi. Ruwan da ya kawo zinariya shi ne kuma ya kawo dalma a waɗansu jijiyoyin, watau irin dutsen nan da ake yin tozali da shi. Da kuɗin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, sai mutane suka shiga kai dutsen cikin gidaje, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Kafin shekarar 2010 ba wanda ya san wannan masifa. A 2010 kuwa sai da likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Yara kimanin 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, amma Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 irin haka ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda ta'adin 'yan bindiga, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Tun da an koma ramuka, wajibi ne a kiyaye abu uku: kada a kai dutse cikin gari, a niƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, kuma mahaƙi ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.