Shin Ko Kun San? Manhajar da Take ta Kowa, Amma Ba Kowa Ke Iya Ta Ba

Shin ko kun san cewa na'urar buga takarda ce ta tayar da ƙurar da har yau ba ta kwanta ba a duniyar kwamfuta? Wajen 1980 aka kawo sabuwar firinta ta kamfanin Xerox ɗakin binciken da Richard Stallman ke aiki a jami'ar MIT ta Amurka. Takarda ta riƙa maƙalewa a cikinta. Mutum ya aika aiki ya zauna jira, ya taso ya tarar ko shafi ɗaya bai fito ba. Tsohuwar firintarsu Stallman ya gyara mata manhaja yadda da zarar ta cije za ta sanar da masu jira. Ya nemi asalin rubutun manhajar sabuwar don ya yi mata irin wannan gyara, aka hana shi. A 1983 ya shelanta aikin GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar da ke kare 'yancin manhaja: kowa ya yi amfani da ita, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Rufaffiyar manhaja kamar ƙullin magani ce da aka miƙo maka garin, aka ɓoye maka saiwar da aka daka. Buɗaɗɗiya kuwa har dajin da aka haƙo saiwar ake nuna maka.

Shin ko kun san ɗalibi ɗan shekara 21 ne, Linus Torvalds, ya fara buɗaɗɗiyar babbar manhajar kwamfuta ta Linux a Helsinki ta ƙasar Finland a 1991, yana cewa abin sha'awa ne kawai yake yi? Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux ke tafiyar da su, ba a bar ko ɗaya ba. Wayar Android da ke aljihunku a kan Linux aka gina ta. Amma a kwamfutocin ofis da na gida, wajen kashi 4 cikin 100 kacal ke amfani da shi. Kyauta ne, ga ƙarfi, ga tsaro, mutane kuma suna guje masa. To me ya sa?

Ga wani ɓangare na amsar. Akwai manhajar rubutu da ake kira Vim, wadda ƙwararru ke ji da ita sosai. Baƙo ya buɗe ta, sai ya ga baƙin allo, ba maɓallin rufewa, ba jagora. Ya buga haruffa, wasu su fito, wasu su share masa layi. In yana son fita, sai ya danna Esc, ya buga ɗigo biyu, da harafin q, da alamar motsin rai, sannan Enter. Wa zai yi mafarkin haka? A 2017 shafin tambayoyi na Stack Overflow ya sanar cewa tambayar yadda ake fita daga Vim an duba ta sau miliyan ɗaya. Wanda ya rubuta Vim, Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan, mutumin kirki ne: shekara da shekaru manhajar tana roƙon masu amfani da ita su taimaka wa yara marasa galihu a Kibaale ta Yuganda, har ya rasu a 2023. Ba mugunta ce ta sa Vim ta yi wuya ba. Gwani ne ya yi wa kansa da ire-irensa kayan aiki, a hannunsu kuma gudu take kamar iska.

Su kansu gwanayen abin kan ci su. A 2004 Eric Raymond, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a 1998, ya zauna haɗa kwamfutarsa da firintar da ke jikin wata kwamfuta a gidansa. Ya sha fama har ya rubuta doguwar maƙala cikin fushi, yana tambayar yadda gwaggon mutum da ba ta san komai ba za ta yi, in shi ya rasa kan abin.

Shin ko kun san an taɓa gwada wannan da agogo? A 1999 Alma Whitten da Doug Tygar suka zaunar da mutum 12 da suka saba da imel, suka ba su manhajar kulle saƙo ta PGP, wadda asalin rubutunta ke fili ga mai son dubawa. Aka ba kowa minti 90 ya aika saƙon sirri. Huɗu ne kawai suka yi daidai. Uku sun aika sirrin a buɗe bisa kuskure. Lissafin da ke cikin PGP ba wanda ya iya fasa shi, amma ina amfanin makullin da mai gida bai iya murɗawa ba? Yanzu ku dubi abin da ya faru a Afrilun 2016: WhatsApp ya kammala kulle saƙonnin mutum fiye da biliyan ɗaya da buɗaɗɗen tsarin Signal. Ba wanda aka koya wa komai, ba wanda ya danna komai. Tsohuwar da ke aika wa jikanta saƙon murya daga ƙauye tana cin moriyar abin da masu digiri suka kasa a 1999.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Blender, manhajar ƙera hotuna masu motsi. A 2002 kamfanin da ya mallake ta ya durƙushe. Mai ita, Ton Roosendaal na Holan, ya nemi jama'a su fanso ta daga hannun masu jari, cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000, aka sake ta ga kowa. Amma ta zo da wata ɗabi'a. A kusan kowace manhaja ta duniya, maɓallin hagu na linzamin kwamfuta ake dannawa a zaɓi abu. A Blender ta lokacin na dama ne. Sabon shiga ya danna hagu, abin da ya nufa ya ƙi zaɓuwa, sai wani ɗan da'ira ya yi tsalle zuwa wurin da ya danna. Da yawa a nan suke rufe ta, ba su ƙara waiwaya ba. Tsofaffin hannu suka dage cewa hanyarsu ta fi, kuma suna da hujja: raba aikin zaɓi da na motsawa yana rage kuskure. Sai a Yulin 2019, da fitowar Blender 2.80, aka sake fasalin fuskarta gaba ɗaya, aka mayar da zaɓi hagu, aka bar wa mai son dama damarsa. A wannan wata na Yuli kamfanin Epic Games ya ba ta tallafin dala miliyan 1.2. A Maris na 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, ba kalma ko ɗaya a cikinsa, ya ci kyautar Oscar ta zanen motsi, da Blender kuma aka yi shi. Shekara 17 aka ɗauka kafin a saurari baƙo a kan maɓalli ɗaya. A ganina an makara ƙwarai, amma da aka saurara ɗin kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Sai dai sauƙaƙawa ma tana da nata rikicin. Shin ko kun san a 2011, da masu GNOME, ɗaya daga fuskokin Linux, suka fitar da sabuwar fuskarsu ta uku, sun cire maɓallin ƙanƙance taga, suka kuma ɓoye umarnin kashe kwamfuta, sai ka riƙe Alt kafin ya bayyana? Nufinsu a rage tarkace. Jama'a suka yi ca, Torvalds da kansa ya yi ƙaura zuwa Xfce na wani lokaci, wasu suka ɗebi tsohon rubutun suka kafa MATE, masu Linux Mint suka yi Cinnamon. Masu suka na cewa wannan rarrabuwa ce ke ruɗa baƙo, ya rasa wanne zai ɗauka. Masu yabo na cewa ita ce 'yancin kanta, domin da rufaffiyar manhaja ce sai dai ka haɗiye. Duka biyun suna da gaskiya, amma ɓoye maɓallin kashewa kuskure ne, su ma daga baya sun dawo da shi.

Shin ko kun san wani birni ya yi ƙaura zuwa Linux, ya kuma yanke shawarar komawa? A 2003 majalisar birnin Munich na Jamus ta zaɓi barin Windows, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da ƙafarsa ya je ya ga magajin gari Christian Ude. Zuwa 2013 kwamfutoci kusan 15,000 sun koma tsarin da suka raɗa wa LiMux. Ƙorafi ya biyo baya, mafi yawa a kan takardu: wata hukuma ta aiko da fayil ɗin Microsoft Office, a buɗe a ga jadawali ya karkace. A 2017 majalisar ta ƙuri'anta komawa Windows. Har gobe ana musu. Wasu na tuna cewa Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin a 2016. Wasu na nuni da binciken da birnin ya sa aka yi, wanda ya ɗora babban laifin a kan yadda aka warwatsa kula da kwamfutoci tsakanin ma'aikatu. Jandarmomin Faransa kuwa a hankali suka bi: OpenOffice a 2005, Firefox a 2006, sai a 2008 suka fara sauya babbar manhajar zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux. Kafin a taɓa tushe, ma'aikaci ya riga ya saba da kayan aikinsa na kullum. Dubun-dubatar kwamfutocinsu suna kai har yau. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ce ita ma za ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux.

To wa zai biya mai tsara fuskar manhaja, alhali mai gadin ƙofar ma ba a biya shi ba? Da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014, sai aka ji cewa OpenSSL, inda aka sami ɓarakar, wadda ke tsare babban kaso na shafukan intanet, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce wajen dala 2,000 ba. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tono wata ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz. Mai dasawar ya yi fiye da shekara biyu yana nuna shi mataimaki ne ga mutum ɗaya tilo da ke riƙe da aikin ba albashi, wanda gajiya ta riga ta cinye. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama abin. Rashin tallafi ne ya sa ya shiga. Kamfanonin da ke tara biliyoyi a kan gumin irin waɗannan mutane ya kamata su ji kunya.

Inda aka sa kuɗi da kula, sakamako ya fito. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, ya riƙa aika faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011, a 2009 kuma aka ware aiki na musamman don gyara ƙananan abubuwa ɗari da ke ɓata wa sabon mai amfani rai. VLC mai alamar mazubin nan na kan titi, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniya ta Faransa, a farkon 2025 ta haura sauke biliyan 6. Dalilinta ɗaya ne: ka jefa mata fim, ta kunna.

Shin ko kun san mu ma muna ciki tsundum? Alƙaluman asibitocin Najeriya da Nijar da Gana ana tara su ne a DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja da jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Wikipedia ta Hausa a kan MediaWiki take. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa kyauta, don na'ura ta iya jin harshenmu. Sannan a 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke shagunanmu da makarantunmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux Mint na tafiya a kansu lafiya lau.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke Helsinki ko Amsterdam bai san cewa ƙ da ɗ da ɓ suna komawa akwati a wani rubutun ba, bai san data na ƙarewa ana tsakiyar saukewa ba, bai san wuta na ɗaukewa kafin a adana aiki ba. Waɗannan ayyuka duk suna da wurin kai ƙorafi, kuma ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Malamin kwamfuta da ke karanta wannan, ka zaunar da ɗalibinka gaban LibreOffice, ka naɗe hannu, ka rubuta duk inda ya tsaya yana lalube, ka aika musu. Mai Hausa a baki ya shiga fassara, mai murya ya ba Common Voice minti goma.